Yadda Ake Sa Shagon Intanet Ya Riƙa Yi Wa Kayan Da Suka Ƙare Alama Da Kansa

Ba abin da ke saurin zubar wa shagon intanet mutunci kamar mai saye ya zaɓi kaya, ya tura kuɗi, sannan a kira shi a ce, "Yi haƙuri Alhaji, wanga ya ƙare." Wanda ya tako shago da ƙafarsa yana ganin abin da ke kan kanta da idonsa. Wadda take Abuja ko Legas tana sayen atamfa ko turaren wuta daga Birnin Kebbi kuwa, hoto kawai ta gani ta amince da kai. Idan hoton ya ce akwai alhali babu, kai ka yi mata ƙarya a ganinta, ko da ba ka yi niyya ba. Daga nan sai maganar maido da kuɗi da ban haƙuri, kuma da wuya ta sake dawowa.

Maganin wannan shi ne a sa shagon ya riƙa lura da adadin kowane kaya, da zarar ya kai sifili ya manna masa alamar cewa ya ƙare, da zarar an ƙaro kuma ya cire alamar, ba tare da ka taɓa komai ba. Zan bi aikin a kan Shopify da WooCommerce, don su ne aka fi gina shaguna da su, sannan in ɗan taɓa wanda ba shi da shafi sai WhatsApp. Amma tun yanzu ka riƙe wannan: manhaja ba ta ganin cikin sito. Lambar da ka ba ta take bi. Haɗa alamar aikin rabin awa ne, tsare gaskiyar lambar shi ne aikin kullum, kuma a nan yawancin masu shago ke faɗuwa.

Fara da ƙirge, kafin ka buɗe kwamfuta

Ka rufe shago da yamma ɗaya, ko ka zaɓi safiyar da ciniki bai kankama ba, ka ƙirga komai da hannu. Mutum biyu ya kamata su yi: ɗaya yana ƙirgawa yana faɗa, ɗaya yana rubutawa. A haɗa da abin da ke kan kanta, da na cikin sito, da wanda aka kai gida, da wanda yaron shago ya ɗauka ya kai wa wata Hajiya a Gesse ta duba ba ta dawo da shi ba tukuna. Wanda ya yi tabo ko ɓera ya taɓa a ware shi gefe, kada ya shiga lissafin abin sayarwa.

Sai ka yanke shawara a kan ma'aunin kowane kaya, domin nan ne rikici ke ɓuya. Atamfa da sauƙi, turmi-turmi ake ƙirga ta. Shadda fa? Idan da yadi kake sayarwa, to da yadi za ka shigar da ita, ba da bandir ba. Mai shinkafar Argungu ko ta Suru da ke sayar da buhu mai kilo 50 da mai kilo 25 da kuma tiya-tiya, dole ya ɗauki kowanne a matsayin kaya daban. Ranar da ya farke buhu don awo, ya rage ɗaya daga lissafin buhuna ya ƙara a lissafin tiya. In bai yi haka ba, shafin zai ci gaba da tallan buhun da tuni an auna an sayar.

Kowane kaya kuma ka ba shi gajeriyar lamba tasa, wadda ake shigarwa a gurbin da aka rubuta "SKU". Misali ATM-014 ga atamfa, SHD-FARI ga farar shadda. Ka rubuta lambar a ɗan tef ka liƙa a jikin ledar kayan. Amfaninta zai fito ranar da yaron shago ya sayar da abu ba ka nan: maimakon ya ce "wagga mai ruwan ganye da ɗigo-ɗigo", sai ya turo maka lamba.

Alamomin da za ka yi amfani da su

Alama ita ce 'yar kalmar da ake rubutawa a gurbin "Tags" na kowane kaya. Uku sun isa: ya-kare, ya-kusa, da kuma wani-ya-kare ga kayan da ke da launuka ko girma daban-daban. Ka rubuta su da ƙananan baƙaƙe, da ɗan jan layi a tsakani, kuma da k mara lanƙwasa. Shopify na ba da shawarar a tsaya ga baƙaƙe na yau da kullum da lambobi da jan layi a cikin alama, saboda baƙi na musamman kan iya rikita bincike. Ban da haka ma, idan yau ka rubuta da ƙ gobe yarinyar da ke taya ka aiki ta rubuta da k, kun samar da alama biyu ke nan ba ku sani ba. Wannan alama ta cikin gida ce. Abin da mai saye zai gani a fuskar shafi, za mu rubuta shi da Hausa ingantacciya daga baya.

Idan shagonka na kan Shopify ne

Mataki na farko, buɗe kowane kaya ka gangara wajen lissafin adadi, ka tabbatar an kunna bin diddigin adadin, wato "Track quantity". Ka shigar da lambar da ka ƙirga. A nan kusa akwai wani akwati mai cewa "Continue selling when out of stock". Ka bar shi a kashe, sai dai in kayan na oda ne, irin humra ko dambun nama da ake haɗawa bayan an biya. Idan akwatin nan na kunne, shagon zai ci gaba da karɓar kuɗi ko adadi ya kai sifili, lambar ta riƙa gangarawa ƙasa da sifili. Mai kaya da yawa ba sai ya bi su ɗaya-ɗaya ba, yana iya zaɓar su a jere ya gyara su tare a shafi guda.

Na biyu, je kasuwar manhajojin Shopify ka ɗauko Shopify Flow. Ta kamfanin ce, ba a biyan kuɗinta daban, kuma tana aiki tun daga tsarin Basic zuwa sama. Duk aikin da za ka haɗa a cikinta gaɓa uku ne: abin da zai tayar da shi, sharaɗin da zai duba, da umarnin da zai zartar.

Danna "Create workflow". A wajen abin da zai tayar da aikin, zaɓi "Product variant inventory quantity changed", ma'ana duk lokacin da adadin wani kaya ya motsa, sama ko ƙasa. Akwai wasu guda biyu da aka ware wa ƙarewa da dawowa, amma na fi son wannan, domin da shi kaɗai za ka yi mannawa da cirewa a wuri ɗaya, ba sai ka kula da ayyuka biyu ba.

Sai ka ƙara sharaɗi. A cikin bayanan kayan nemi "totalInventory", wato jimlar abin da ya rage, ka ce idan ta yi daidai da 0 ko ta gaza haka. Kada ka ce "daidai da 0" kawai. Kayan da aka taɓa sayarwa fiye da abin da ke ƙasa yana iya zama a kan ɗaya ko biyu ƙasa da sifili, kuma sharaɗin "daidai" zai tsallake shi.

Sharaɗin na da ƙofa biyu. A ƙofar da ya cika, saka umarnin "Add product tags" ka rubuta ya-kare. A ɗaya ƙofar, wadda ake bi idan bai cika ba, saka "Remove product tags" ka sake rubuta ya-kare. Wannan ƙofa ta biyu ita ake yawan mantawa, kuma rashinta ya fi rashin aikin gaba ɗaya muni: kaya sun iso daga Kano, an jera su a kanta, amma lissafinka na ciki na nan yana cewa babu, har ka sake yin odar abin da kake da shi. Ba wa aikin suna, ka kunna shi.

Akwai abin da ke ruɗa mutane a ranar farko. Flow ba ya waiwayen baya. Kayan da suka riga suka ƙare kafin ka kunna shi ba za su sami alama ba, tunda adadinsu bai motsa ba. Saboda haka ka shiga jerin kaya, ka ware waɗanda ke kan sifili, ka zaɓe su duka ka manna musu ya-kare da hannu sau ɗaya. Daga nan Flow zai cire musu ita ranar da aka ƙaro su.

Wanda ke son ƙarin tabbaci yana iya haɗa aiki na biyu mai zagayawa kowane dare. Abin da zai tayar da shi "Scheduled time", sai umarnin "Get product data" da wannan tambaya:

inventory_total:<=0 AND tag_not:ya-kare

Bayan haka "For each", sannan manna alamar. Yana ɗauko kaya har 100 a zagaye ɗaya, wanda ya ishi yawancin shagunanmu. Sai dai ka ƙara sharaɗin cewa kayan na cikin waɗanda ake bin diddigin adadinsu, in ba haka ba zai manna wa kayan oda alamar sun ƙare, don su ma lambarsu sifili ce.

Maganar launi da girma

Nan ya kamata mai sayar da yadi, takalma ko abaya ya natsu. A Shopify alama jikin kaya take hawa, ba ta hawa kan launi ko girma. Ka ɗauka kana da shadda iri ɗaya mai launi biyar: fara, ruwan toka, ruwan ƙasa, sararin samaniya da baƙa. Fara ta ƙare ana saura mako biyu Sallah, sauran huɗun na nan. Jimla ba ta kai sifili ba, don haka ya-kare ba za ta hau ba, kuma daidai ne, domin shaddar ba ta ƙare ba. Shafin da kansa zai hana a sayi farar. Amma kai kana bukatar sanin cewa farar ta tafi, tunda ita ce aka fi nema.

A nan alama ta uku ke shigowa. Haɗa wani aiki da mafari iri ɗaya, wato abin da ya tayar da aikin farko, amma a sharaɗi ka shiga jerin nau'o'in kayan, ka zaɓi "At least one of", ka ce aƙalla ɗaya adadinsa ya kai 0 ko ƙasa. In ya cika a manna wani-ya-kare, in bai cika ba a cire.

Jimla kuma na iya yaudara ta wata fuskar. Idan fara ta gangara zuwa uku ƙasa da sifili, baƙa kuma saura uku, sauran launukan sun ƙare, jimlar sifili ce, sai a ce duk shaddar ta ƙare alhali baƙar na nan. Idan yawancin kayanka masu launuka ne, gyara sharaɗin aikin farko: maimakon jimla, shiga jerin nau'o'in ka zaɓi "All of", ka ce dukkansu sun kai 0 ko ƙasa. Ya fi aminci.

Sai kuma guntu. Saura yadi uku na shadda ba sifili ba ne a wajen kwamfuta, amma babu magidancin da zai ɗinka riga da wando da yadi uku. A kasuwance ta ƙare. Ka ƙara reshe a sharaɗinka cewa idan nau'in kayan shadda ne, a ɗauki ƙasa da yadi biyar a matsayin ƙarewa, ko duk adadin da ka san shi ne mafi ƙarancin abin da ake yanka a shagonka. Guntun kuma ka cire shi daga lissafin, ka buɗe masa wuri daban a sayar wa masu ɗinka wa yara.

Alamar da ta fi kawo kuɗi

Ya-kare tana hana ka jin kunya. Ya-kusa ita ke hana ka asarar ciniki, kuma ga mu da ke nesa da inda ake saro kaya, ta fi muhimmanci. Mai shago a Kano in atamfa ta yanke masa, ya hau adaidaita sahu ya je Kantin Kwari ya dawo kafin la'asar. Mai shago a Birnin Kebbi, Jega ko Yawuri sai ya kira dila, ya tura kuɗi, a kai kaya tasha, a jira mota ta cika, sannan a yi doguwar tafiya. Kayan da ke zuwa daga Legas sun fi haka ɗaukar lokaci.

Lissafin iyakar ba wuya. Duba nawa kake sayarwa a rana, ka ninka da kwanakin da kaya ke ɗauka kafin su iso hannunka, ka ɗora ɗan ƙari saboda tsaiko. Idan turmi biyu ke fita a rana kuma kaya na kwana huɗu a hanya, takwas ke nan, ka mayar da shi goma. Daga tsakiyar azumi zuwa jajibiri, da kuma makonnin da ke gaban Babbar Sallah da lokacin bukukuwan aure, ka ɗaga wannan lamba, domin abin da ke fita a mako yana iya fita a kwana biyu. Kada ka sa iyaka ɗaya ga komai. Leshi mai tsada da ke fita jefi-jefi, biyu sun isa.

A Flow, haɗa aiki da mafarin nan dai, sharaɗinsa adadi ya kai iyakar ko ƙasa amma ya fi sifili, umarninsa manna ya-kusa. Idan kana son saƙo ya same ka, ƙara "Send internal email". Sai dai ga wata dabara: Flow na ba ka adadin yanzu da kuma adadin da ke nan kafin canjin, "inventoryQuantityPrior". Ka ce a turo saƙo ne kawai idan na yanzu ya kai goma ko ƙasa, na baya kuma ya haura goma. Ta haka sau ɗaya za a sanar da kai, lokacin da aka tsallaka iyakar. In ba ka yi haka ba, kowane turmi da aka saya daga goma zuwa ɗaya sai ya turo saƙonsa, kuma cikin mako guda za ka daina buɗe su.

Idan WooCommerce kake amfani da shi

Yawancin shafukan da matasanmu masu gina shafi ke haɗa wa 'yan kasuwa a kan WordPress ne da WooCommerce, saboda manhajar kyauta ce, kuɗin masauki da na suna kawai ake biya, ba kamar Shopify da ake biya da dala ba. A nan rabin aikin an riga an gina shi a ciki.

Shiga saitunan WooCommerce, ɓangaren kaya, sashen "Inventory". Kunna "Enable stock management". Kunna sanarwar raguwa da ta ƙarewa, ka sa adireshin imel ɗin da kake buɗewa da gaske, ba na yaron da ya gina maka shafin ba. Iyakar raguwa tana zuwa a kan 2, ta ƙarewa a kan 0. Ta raguwar kana iya canza ta a kowane kaya daban, don haka ka bi lissafin da muka yi a sama. Sannan a cikin kowane kaya ka kunna bin adadi, ka shigar da lamba, ka bar odar bayan ƙarewa a kan "Do not allow". Kaya masu launuka a kunna wa kowane launi nasa lissafin.

Da wannan kaɗai shafin zai riƙa rubuta cewa kaya sun ƙare ya kuma hana saye. Idan kana son alamar ya-kare ta riƙa hawa da sauka, sai an ƙara 'yan layuka. Ɗauko Code Snippets, wata 'yar manhajar WordPress da ake liƙa irin waɗannan layuka a cikinta, ka buɗe sabon guntu, ka liƙa wannan:

add_action( 'woocommerce_product_set_stock_status', 'sa_alamar_ya_kare', 10, 2 );
function sa_alamar_ya_kare( $lamba, $hali ) {
    if ( 'outofstock' === $hali ) {
        wp_set_object_terms( $lamba, 'ya-kare', 'product_tag', true );
    } else {
        wp_remove_object_terms( $lamba, 'ya-kare', 'product_tag' );
    }
}

Kalmar true da ke ƙarshen layi na huɗu kada a taɓa ta. Ita ke cewa a ƙara alamar a kan waɗanda ke nan. In aka cire ta, duk sauran alamomin kayan za su goge. Kafin ka liƙa komai ka ajiye kwafin shafin gaba ɗaya, kuma idan hannunka bai saba ba, ka kira wanda ya gina maka ya yi a gabanka. Shi ma wannan ba ya waiwayen baya, tsofaffin da suka ƙare da hannu za a yi musu sau ɗaya. Ka kuma sani cewa jigogi da yawa na WooCommerce, wato tsare-tsaren fuskar shafi, na nuna alamomin kaya a ƙasan shafin kayan, saboda haka mai saye na iya ganin ya-kare a rubuce.

Cinikin da ba ya bi ta shafi

Duk abin da muka haɗa zai rushe a nan idan ba a kula ba. Gaskiyar kasuwancinmu ita ce mafi yawan ciniki ba a shafin ake ƙulla shi ba. Mace ta ga hoto a Instagram ta biyo ta WhatsApp. Maƙwabciya ta aiko yaro da kuɗi a hannu. Wani ya tsaya da mota a ƙofar shago ya ɗauki turmi uku ya biya ta POS. Shafin bai san an yi ko ɗaya ba.

Doka ɗaya za ka kafa, ta hau kan kowa har da kai mai shagon: kaya ba sa fita ƙofa sai an shigar da su. A Shopify, buɗe manhajar a waya, shiga oda, ƙirƙiri sabuwa, zaɓi kayan, ka nuna an biya. Adadi zai ragu nan take, Flow ya yi aikinsa. A WooCommerce ma ana ƙara oda da hannu, a sa mata matsayin ana aiki a kai ko an kammala, adadi ya ragu. Ya fi a je a rage lambar kai tsaye, domin oda na barin tarihi: wa ya saya, yaushe, nawa. Ka buɗe wa yaron shago asusunsa daban mai iyakantaccen iko idan tsarinka ya ba da dama, kada ka ba shi naka. Idan sabis ya ɗauke, a rubuta lambar kayan a littafin da ke kan kanta, a shigar da zarar ya dawo, kada a kwana da shi.

Sai masu cewa, "Hajiya, aje mani wagga, in an yi albashi ni biya." Idan kin amince kin ajiye, to ki cire shi daga abin sayarwa. A Shopify odar da ba a kammala ba tana da wurin keɓe kaya zuwa wani lokaci da za ki zaɓa, in lokacin ya wuce su koma kasuwa. Ki sa ranar, ki kuma gaya mata ranar.

Biyan kuɗi ta taransifa na da tasa matsalar, kishiyar ta kayan da suka fita shafi bai sani ba. Wanda ya biya da kati ta Paystack ko Flutterwave, kuɗinsa sun shiga kafin a gama odar. Wanda ya zaɓi zai tura ta banki kuwa, odarsa na shiga ta kama kayan tun bai biya ba. A WooCommerce irin wannan oda na zama a matsayin "On hold", adadi ya ragu, kuma mintuna 60 da ke cikin saituna, waɗanda bayansu ake sakin kayan odar da ba a biya ba, ba su shafe ta ba, na masu jiran biya ta kati ne. Idan turmi ɗaya ya rage wani ya yi odarsa ya ɓace, shafin zai ce ya ƙare, alama ta hau, turmin kuma na kan kanta yana shan ƙura. Saboda haka kowace safiya ka duba odar da ba a biya ba. Wadda ta wuce wa'adin da ka gindaya, kwana ɗaya ko biyu, ka soke ta. A WooCommerce sokewa na maido da adadi. A Shopify ka tabbatar akwatin maido da kaya cikin lissafi na kunne lokacin sokewar. Ka rubuta wa'adin ƙarara a shafin biya don kada a yi jayayya.

Me za a yi da kayan da suka sami alama

Kada ka goge su, kuma ina ba da shawarar kada ka sauke su daga shafi idan za su dawo. Flow na iya sauke kaya da kansa, amma a Shopify kayan da aka sauke adireshinsu na mutuwa. Mahaɗin da ka watsa a sitatus da guruf-guruf na matan unguwa wata biyu da suka wuce yana nan yana yawo, duk wadda ta danna sai ta tarar da shafin da ke cewa babu komai a nan, ta ɗauka shagon ne ya rufe. Gara ta tarar da hoton da rubutun cewa ya ƙare, ga lambar waya, ga wasu masu kama da shi a ƙasa.

Abin da ya dace shi ne a janye su daga gaban shago kawai. A Shopify, rukunonin da ke cika kansu suna karɓar sharaɗin "Inventory stock" ya fi 0. Ka ƙara shi a rukunin atamfa, na shadda da sauransu, ka tabbatar an zaɓi sai duk sharuɗɗa sun cika. A WooCommerce akwati ɗaya ne a sashen da muka buɗe ɗazu, "Hide out of stock items from the catalog". Yana ɓoye su daga jeri amma mahaɗinsu na ci gaba da aiki. Kayan da ba za su sake dawowa ba, irin zanen da kamfani ya daina bugawa, su ne ake saukewa.

Rubutun da mai saye ke gani kuma ka mayar da shi harshen masu sayenka. A Shopify, cikin jigon shafi akwai "Edit default theme content", ka nemo "Sold out" ka maye gurbinsa da "Ya ƙare", ko ka haɗa harsunan biyu idan kana da masu saye daga kudu.

Babban amfanin alamar a wajenka shi ne ranar sari. Ka tace jerin kaya da ya-kare, ya-kusa da wani-ya-kare, ga takardar odarka ta fito. Kafin ka tura wa dila, ka dubi kowanne ka tambayi kanka ko ya ƙare ne don ana so, ko kuwa da ƙyar aka rabu da shi bayan wata shida. Wannan hukunci naka ne, manhaja ba ta yin sa.

Gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ƙirƙiri kaya na gwaji, ka sa masa adadi 1, ka mayar da shi 0, ka ɗan jira, ka sabunta shafin ka ga ko alama ta hau. Mayar da shi 20 ka ga ko ta sauka. Sauko da shi ƙasa da iyaka ka ga ko ya-kusa ta hau kuma saƙo ya shigo, ka leƙa har akwatin tarkacen imel. Yi haka da kaya mai launi biyu. Idan wani abu bai yi ba, Flow na ajiye tarihin duk zagayen da ya yi, yana nuna ƙofar da ya bi, a nan za ka ga inda sharaɗin ya karkace. A WooCommerce, idan ciki ya nuna ya ƙare amma waje na cewa akwai, yawanci manhajar da ke ajiye kwafin shafi don sauri ce ke nuna tsohon, sai a share ajiyarta. Duk wannan aiki a kan sabar kamfani yake gudana, don haka ɗaukewar wuta ko mutuwar cajin wayarka ba sa tsayar da shi.

Wanda ba shi da shafi tukuna

Mai sayarwa ta WhatsApp Business kaɗai ma na iya samun rabin wannan da Google Sheets a waya. Ginshiƙin A sunan kaya, B abin da ya shigo, C abin da ya fita, D ragowa, wato =B2-C2, E iyakar raguwa. A F ka rubuta:

=IF(D2<=0,"YA KARE",IF(D2<=E2,"YA KUSA","AKWAI"))

Ka ja shi ƙasa ya bi duk layuka, ka sa launin ja ya riƙa hawa duk inda aka ce ya ƙare. Wanda ya yi ja ka shiga katalogin WhatsApp ka ɓoye shi da hannu, ba gogewa ba, don in ya dawo ka fito da shi da hotonsa da farashinsa.

Ranar da kaya suka iso daga tasha, ka bi wannan jeri: a kwance a ƙirga a gaban wanda ya ɗauko, a gwada da takardar dila, a ware masu tabo, a liƙa lambobi, a shigar da adadin a shafi, sannan a jera a kanta, sannan a sa hoto a sitatus. Adadin da za a shigar ƙari ne a kan ragowar da ke nan, ba maye gurbinta ba, kuma sai kayan sun shigo hannu, ba ranar da dila ya ce ya sa a mota ba. Kowace Juma'a kafin a tafi masallaci a ɗauki kaya goma da suka fi fita a sake ƙirga su a gwada da lambar shafi, ƙirgen shago gaba ɗaya kuma a yi shi ƙarshen wata da kuma mako guda kafin azumi.